Baƙin Ɗankwalin Nevena

Talata, 21 ga Oktoba, da hantsi

Da idona na gani, ba gaya mini aka yi ba. Na fito sayen burodi, na bi ta gaban zauren gari, sai na ji kiɗa. Na leƙa ta taga. Tsofaffin ƙauyen nan ne reras, kowacce ta dafa bayan kujera, suna ɗaga ƙafa suna saukewa kamar kaji a kan ƙasa mai zafi. A sahun gaba wa zan gani? Nevena, matar ƙanena Trifon. Cikin baƙaƙen kaya, da baƙin ɗankwali a ka, hannuwa sama, tana juya ƙugu.

Ko wata biyu ba a yi ba da muka sa shi a ƙasa. Takardar rasuwarsa mai hoto tana nan manne a ƙofar gidansu, ruwan sama bai ma taɓa ta ba.

Na dawo gida ban sayi burodin ba.

Talata, da yamma

Na je na same ta tana ɓare wake.

"Amarya," na ce. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu haka nake kiranta, ga shi yau dukanmu mun yi furfura. "Me na gani yau a zaure?"

"Motsa jiki ne, Yaya Donka."

"Da kiɗa?"

"Kiɗan don ƙafafunmu su tafi tare ne. Jinina ya hau, Yaya. Ranar sadakar arba'in ai kin ga yadda jiri ya ɗebe ni a maƙabarta. Desi ta gwada ni ta ce in ban tashi tsaye ba zan bi shi. Yanzu kuwa yana sauka."

Desi ita ce nas ɗin da ke zuwa mana daga birni Talata da Juma'a. Ni na share mata majina tana yarinya, yau ita ce mai faɗa wa matar mamaci abin da ya dace. Na ce wa Nevena jirin nan baƙin ciki ne, kuma haka ya kamata mace ta ji. A garin nan mai takaba ba ta rawa sai shekara ta zagayo. Ko rediyo ba ta kunnawa. Ta ce ba rawa ba ce. Na ce in akwai kiɗa, akwai ƙafa, akwai ƙugu, to ta faɗa mini sunansa.

Ta ci gaba da ɓare wakenta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da rana

Na shiga zauren da kaina. Abin da na fara gani ma ya ishe ni: tagogi a buɗe hagu da dama, iska tana ratsawa ta kan tsofaffi masu gumi. Uwata ba ta taɓa barin taga biyu a buɗe lokaci ɗaya ba, kuma ta kai casa'in.

"Goggo Donka! Sannu da zuwa, miƙo hannun in gwada ki," in ji Desi, har da ɗauko na'urarta.

Na ce hannuna ba na gwaji ba ne.

Ginka maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ɗaga murya daga baya: "Shigo ki girgiza, Donka! Ƙugun nan naki ya yi tsatsa tun bikin 'yarki!" Suka kwashe da dariya. Nevena kaɗai ta sunkuyar da kai.

Na tsaya a bakin ƙofa in ga iyakar abin. Suka yi tafiya a wuri ɗaya ba su je ko'ina ba. Suka miƙe hannu, suka ja numfashi. Sai Desi ta zaunar da su ta ɗaga ƙaramin cokalin shayi, wai gishirin da ke cikinsa shi ne na yini guda, har da wanda ke cikin cuku da burodi. Ni da wannan ko ƙwai ɗaya ba zan iya ci ba. Daga nan ta ce kowacce ta juya ta dubi ta kusa da ita ta yi mata murmushi, ta ɗaga hannu biyu. Manyan mata masu jikoki suna yaƙe wa juna haƙoran roba. Ban tsaya jin dalili ba, na fice.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan coci

Na tare Fada Gerasim a bakin ƙofa na gaya masa komai. Ya shafa gemu ya ce, "Donka, ban ga inda Littafi ya hana ɗaga ƙafa ba. Ai matata ma tana zuwa, kuma tun da ta fara na samu sauƙin faɗa a gida."

Wai wasa yake yi. Da tsohon Fada ne da ba sai na buɗe baki ba.

Talata, 28 ga Oktoba, da hantsi

Nevena ta sake zuwa zauren.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da la'asar

Plamen ya bugo waya daga Sifen. Ɗan Trifon da Nevena ke nan tilo, direban babbar mota, wanda ya zo jana'izar ubansa ya juya kafin furannin kabari su bushe. "Goggo, don Allah ki ƙyale Mama ta yi abin da aka ce ta yi." Na ce ya dawo ya zauna a garin, ya bi ta gaban kantin kofi ya ji abin da maza ke faɗa, sannan ya koya mini.

Gaskiya ban ji sun faɗi komai ba tukuna. Amma za su faɗa.

Ni na goyi Trifon. Ni na kai shi makaranta ranar farko, yana riƙe da siket ɗina yana kuka. Mutum ne da bai taɓa neman komai a wurin kowa ba, har ya faɗi shi kaɗai a tsakanin kurangar inabinsa, almakashi a hannu. Yanzu abin da ya rage masa a duniya shekara ɗaya ce ta shiru. Ita ma sai an cinye masa? Uwarmu ta sa baƙi saboda babanmu har aka binne ta da shi, ba wanda ya ji ta ce jininta ya hau.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da yamma

Yau ranar tuna matattu. Duk gari yana maƙabarta, kowa da kwandonsa. Nevena ta wanke dutsen kabarin, ta zuba masa ruwan inabi, ta kunna kyandir. Sai ta fara raba dafaffiyar alkama da sukari, kowa ya karɓa ya ce Allah ya gafarta masa. Ta zo kaina ta miƙo.

Na bar hannuwana a aljihu.

"Yaya," ta ce a hankali.

Na ce, yadda kowa zai ji, "Ba na karɓar alkamar ƙanena daga hannun da ke tafa wa kiɗa."

Na ga mata uku sun gyaɗa kai, na san su, kuma ba zan manta ba. Ginka ta ce, "Kai, Donka, ki ji tsoron Allah!" Ban ko dube ta ba. Nevena ta tsaya da kofin a hannu, fuskarta ta yi ja har wuya. Can ta dafa gicciyen ta ce, "Na daina. Ga shi a gabansa na faɗa. Ba zan sake ba sai shekara ta cika."

Sai na karɓa. Na ce Allah ya gafarta masa. Alkamar ta yi daɗi, ta iya dafa ta, wannan ba zan hana ta ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, da rana

Ba ta je zauren ba. Na gasa mata banitsa, gurasar nan tamu mai cuku da yawa, na haɗa da kwalbar kokwamba mai gishiri na kai mata. Ta rame, baiwar Allah. Yarinyar nan ta sa ta tana cin abinci lami kamar na asibiti. Da farko ta ce a'a, na ce ashe har yanzu fushi take yi da ni. Sai ta ci, har ta ƙara.

Ni ba muguwa ba ce. A rubuta wannan.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da azahar

Desi ta zo har ƙofar gidana, ko gaisuwar kirki babu.

"Goggo, kin san abin da kika yi kuwa? A zaure nake gwada ta, a zaure nake ba ta magani. Na je gidan yanzu ta ƙi buɗe mini, wai kada a gan mu tare a ce ta karya alkawari."

"Ni na hana ta shan magani? Rawa na hana."

"Ta ce tun da kanta ba ya ciwo ba sai ta sha ba. Ciwon nan ba ya sallama, Goggo."

Na ce in ta gama ta ja mini ƙofar lambu, kaji suna fita. Ba ruwana da abin da ke tsakaninsu. Mace mai shekara sittin da tara ai ba yarinya ba ce.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da yamma

Mun yini tare muna cusa kabeji a ganga. Ita tana ƙwaƙule tsakiyar, ni ina ɗura gishiri, kamar kowace shekara. Har ta ba ni dariya da labarin ranar da Trifon ya faɗa cikin gangar yana neman agogonsa. Wajen la'asar ta ce ƙeyarta tana sara, kunnuwanta suna ƙara. Na jiƙa tsumma da ruwan tsami na ɗaura mata a goshi, ta ce ta ji dama.

Ga shi nan. Ba kiɗa, ba na'ura.

Talata, 18 ga Nuwamba, da rana

Na faɗa, na faɗa, na sake faɗa. Da safe na leƙa ta, na tarar da tagar kicin da ta ɗaki duk a buɗe, ɗabi'ar da ta koyo a zauren can, wai a sha iska. To ga shi ta sha. Sanyin taga ya buge ta, bakinta ya karkace gefe guda, maganarta kamar mai tauna burodi. Cokali ma ya suɓuce mata. Haka ya yi wa mijin 'yar'uwar babarmu da ya yi barci a jirgin ƙasa kusa da taga.

Na rufe ko'ina. Na shafa mata barasa a kumatu da wuya, na naɗe fuskar da ulu, na kwantar da ita na lulluɓe. Tana ta son faɗa mini wani abu, na ce ta yi shiru ta huta. Na baro ta tana barci. In na gama abinci zan koma.

Talata, da magariba

Ginka ba ta da kunya. A gidan ƙanena ta yi mini ihu.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da yamma

Jiya Ginka daga zaure ta biyo da maganin da Desi ta ba ta ta kawo wa Nevena. Ta tarar da mu, ta yaye ulun, ta ce, "Nevena, yi mini murmushi. Ɗaga hannu biyu." Ɗaya ya tashi. Sai ta juyo kaina: "Tun yaushe? Tun yaushe, Donka?" Ta fizgi waya.

Motar asibiti ta ɗauki lokacin da ta ga dama. Hanyar nan tamu tun bara ake cewa za a gyara. Wannan ba wanda zai yi magana a kai.

Likitan yaro ne, ko gemu babu. Shi ma tambayarsa ke nan, tun ƙarfe nawa. Na faɗa masa. Ya dubi agogon bango, ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma akwai allurar da ake yi in an zo da wuri. Na ce wa ya taɓa gaya mini? A ina aka rubuta? Ginka ta ce, "A zaure aka faɗa. Kina tsaye a bakin ƙofa."

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da safe

Ba abin da zan rubuta.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan coci

Matan nan uku da suka gyaɗa kai a maƙabarta, yau ɗaya ta tsallaka titi da ta hango ni. Ɗaya ta ce wa mai kanti ita dama tun farko ta ga abin bai dace ba. Munafukai! Da bakinsu suka same ni bayan an watse suka ce na yi daidai, gara da aka samu mai faɗa. Yanzu ni kaɗai ce na yi.

Na kunna kyandir biyu a coci, na Trifon da na Nevena. Ban san gefen da zan sa na biyun ba, na masu rai ko na matattu, na tsaya da shi har kakin ya ƙona mini yatsa. Na sa a na masu rai.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da la'asar

Plamen ya iso. Na shirya masa amsoshi tun yana hanya, ko wanne ya jefo ina da abin mayarwa. Bai jefo ko ɗaya ba. Ya sumbaci hannuna kamar kullum, ya tambaye ni ko na ci abinci. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Wannan ma rashin kirki ne, in an duba.

Ba zai iya wuce mako ba, aiki. Na ce ya tafi, ni zan koma gidan in zauna da ita. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce to.

Juma'a, 5 ga Disamba, da yamma

Ta dawo gida. Ƙafar hagu tana ja, amma tana takawa in an riƙe ta. Magana tana fita, da nauyi. Hannun ne dai. Yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba.

Abin da ta fara nema da aka zaunar da ita shi ne baƙin ɗankwalinta. A asibiti sun cire mata. Ba ta iya ɗaurawa da hannu ɗaya, ni na ɗaura mata.

Mata sun yi ta zuwa dubiya, kowacce da kwalbar abu mai gishiri ko cuku. Na tsaya a ƙofa na mayar da su duka. Ɗaya ta ce, "Yau kuma ke ce?" Na ce ni ce, ta gaishe da gida.

Talata, 9 ga Disamba, da rana

Desi ta zo, na buɗe mata. Ta ce watannin farkon nan su ne komai. In hannun bai motsa yanzu ba, ya tafi ke nan. Kullum sai an yi, a zaune ma ya isa, kuma da kiɗa jiki ya fi bi. Ta ajiye wayarta a tebur za ta kunna.

Nevena ta girgiza kai. "Na yi alkawari."

Na ce, "Amarya, wannan ai ba rawa ba ce."

Ta dube ni da idon nan nata da ciwon bai taɓa ba. "Ke kika ce rawa ce, Yaya."

Desi ta ce to a yi ba kiɗa. Nan ma ta ƙi. Da muka matsa sai ta fashe da kuka, ta ce Trifon ne ya yi fushi, shi ya sa aka kama mata hannun da ta ɗaga a zaure, in ta sake ɗagawa ɗayan ma zai tafi.

Trifon! Mutumin da ko kaza bai iya yi wa tsawa ba! Wa ya cusa mata wannan shirmen a ka? Na fita bayan gida na tsaya wajen gangar kabeji har Desi ta tafi.

Alhamis, 11 ga Disamba, da la'asar

Na yi lallashi, na yi faɗa, na turo mata Fada Gerasim. Ya ce ya warware mata alkawarin. Ta yi masa godiya, ta sumbaci hannunsa, ta ce amma ba a gabansa ta yi ba, a gaban Trifon ta yi. Ban taɓa sanin tana da taurin kai haka ba. Shekara arba'in da wani abu tana ce mini to, Yaya.

Yatsun sun fara lanƙwashewa ciki. Na ga haka da nake wanke mata su.

A garin nan shekara ba ta cika da kanta. 'Yar'uwar mamaci ce ke kwance wa matarsa ɗankwali, ta kai ta ɗaura a gicciyensa, sannan a ce ta fita. Ni kaɗai ce 'yar'uwarsa. Na faɗa wa Ginka abin da ke raina, ta zaro ido ta ce, "A Disamba? Donka, ba a taɓa yi ba. Za su cinye ki ɗanya." Na ce su fara ta ƙafa, can ya fi tauri.

Juma'a, 12 ga Disamba, da yamma

Da safe na tsaya a bayanta kamar zan gyara mata ɗaurin, sai na kwance. Ta kai hannun dama ta damƙe gefensa.

"Yaya, saura wata takwas."

"Ni ke faɗin ranar da ta cika. Ta cika."

"Mutane za su ce..."

"Ni za su ce wa. Saki."

Ta daɗe kafin ta saki.

Ban sa shi a jaka ba. A hannu na riƙe shi, na bi ta tsakiyar gari, ta gaban kantin kofi, ta gaban zaure ana tsakiyar kiɗa. Duk wanda ke da ido ya gani. Na ɗaura a gicciyen na ƙulle sau biyu. Na ce masa, "Ga abinka. In kana da magana, ni za ka zo wa, ka ƙyale ta."

A hanyar dawowa na shiga zauren na ce wa Desi ta sa mini kiɗan nan a wayata, ta nuna mini inda ake dannawa. Ba wadda ta yi dariya, ko Ginka.

Na zaunar da Nevena a kujera a tsakiyar ɗaki, kanta a buɗe, gashin fari fat. Na ja tawa kujerar na zauna a gabanta, ni da nawa baƙaƙen kayan. Na danna. Na ɗaga hannuwana biyu sama na ce ta bi ni.

Ta bi ni da na dama. Na hagun yana kan cinyarta. Tana kallonsa, ina kallonsa, nawa hannuwan suna sama suna rawa don gajiya, ban sauke ba har kiɗan ya ƙare.

Ta ce, "Sake sawa, Yaya."